Jinin Gwadabe Ya Fi Na Kowa

A Unguwar Doka, wani ƙauye da ke gefen hanyar Tsiga, idan aka ce Gwadabe babu mai tambayar wanne. Ƙato ne, baƙi, mai kaurin wuya, ga jajayen idanu kamar kullum yanzu ya tashi daga barci. Ya haura hamsin, amma har lokacin idan aka yi gayya shi ke kama kunyar tsakiya, samari su biyo bayansa suna haki. Yana da shanun huɗa biyu da keke, yana noman auduga da dawa. Abin da ya fi taƙama da shi kuwa shi ne bai taɓa kwanciya ciwo ba. Yakan ce shi jini ne ya yi masa yawa, shi ya sa duk bazara yake kiran wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya a rage kaɗan.

Matarsa Lauratu ta san abin da mutanen gari ba su sani ba. Ta sha ganin ya tashi da safe yana dafe da ƙeya, ya zauna bakin gado ya daɗe kafin ya miƙe. Ta kuma wanke rigunan da haɓo ya ɓata. In ta yi magana sai ya ce rana ce, ita kuma ta gaji da musu ta bar shi.

Mutum ɗaya ne a garin ba ya raga masa, wato taubashinsa Ɗanasabe, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Ɗanasabe siriri ne, mai noman rake da albasa a fadama, ga baki. Gwadabe na kiransa bawansa, shi kuwa yana kiran Gwadabe rumbu. Tun suna yara haka suke, har ga shi furfura ta fito musu ba su fasa ba.

Wata damina, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, sa ɗaya ya firgita ana cikin huɗa, bakin garma ya tsaga Gwadabe a ƙwauri. Ya zuba toka ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Lauratu ta yi lallashi ya je ɗakin shan magani na Bakori, ya ƙi. Da ta ga lallashi ba ya ci, sai ta ce to shi ke nan, za ta leƙa gidan Ɗanasabe ta gaya masa yayansa tsoron allura yake yi. Washegari da safe Gwadabe ya hau keke.

Malamin asibitin, Malam Sada, gajere ne mai sanyin murya, wanda ya yi koyon aikin a Zariya. Ya wanke ciwon, ya zuba aidin, maganin nan mai raɗaɗi, Gwadabe ya cije leɓe yana kallon rufi kamar ba ƙafarsa ake taɓawa ba. Yana cikin naɗa bandeji sai ya ɗaga kai ya dubi idanun mutumin, ya tambaye shi ko yana ciwon kai. Gwadabe ya ce shi bai san ciwon kai ba, sai dai jini kan taru masa a ƙeya, wanzami ya cire.

Malam Sada ya ƙarasa naɗa bandejin. Ya shiga ciki ya fito da wani dogon akwati na ƙarfe, wanda likita mai zagaye ya bar masa ba da daɗewa ba. Ya buɗe shi, murfin ya tsaya a tsaye, ga wani siririn gilashi a jiki da lambobi a gefe. Ya naɗa wa Gwadabe wani faffaɗan ƙyalle a damtse, ya sa roba a kunnuwansa, ya ɗora bakinta a lanƙwasar hannun, sannan ya shiga matsa wata 'yar ƙwallon roba. Ƙyallen ya cika da iska ya shaƙe damtsen. Zaiba, wani ruwa mai kama da azurfa, ta taso cikin gilashin tana ƙyalli, ta yi sama, ta yi sama. Gwadabe ya zuba mata ido. Malam Sada ya saki iskar a hankali yana saurare, fuskarsa ta canza.

Ya ce wa Gwadabe ya fita inuwar dalbejiya ya zauna ya huta, kada ya ci goro, kada ya yi hira da kowa, domin wanda ya taka keke cikin rana kuma aka zuba masa aidin, awonsa ba abin dogaro ba ne. Gwadabe ya zauna a inuwa yana ta mamakin wannan irin magani na zaman banza. Da aka sake kiransa, aka auna hannun dama, aka auna na hagu.

"Malam Gwadabe, jininka ya hau ƙwarai," in ji Malam Sada. "Ɗari da casa'in a sama, ɗari da goma a ƙasa. Tun da aka kawo abin nan ban auna wanda ya kai ka ba."

Gwadabe ya gyara zama, ya shafa gemu. "Ko cikin mutanen Bakori?"

"Ko cikinsu."

Malam Sada ya ci gaba da bayani, ya ce lallai ya dawo a sake aunawa, kuma ya zo ranar da likita zai zo. Amma daidai nan wata mata ta shigo da jariri yana ta tsala kuka, hankalin malamin ya rabu biyu. Shi kuwa Gwadabe ya riga ya ji abin da yake son ji. Ya yi godiya har da ɗaga hannu, ya fita yana ɗingishi cikin ƙasaita.

Kafin la'asar labari ya game Unguwar Doka. A dandalin ƙofar gidan mai unguwa, Gwadabe ya naɗe hannun riga yana nuna inda aka ɗaura ƙyallen. Ya ce injin Turawa ya tabbatar da abin da ya daɗe yana faɗa, an auna ƙasar Bakori kaf ba a sami mai jininsa ba. Ya ce ruwan azurfar nan sai da ya kusa fita ta saman gilashin, malamin asibiti da kansa ya tsorata. Ɗanasabe ya ce ai ba jini injin ya auna ba, kitse ya auna, ko turmi aka ɗaura wa ƙyallen haka zai nuna. Aka yi dariya, amma an ga alama maganar ta ɗan taɓa shi.

Ranar kasuwa ta zagayo, Ɗanasabe ya ce zai je sayen irin albasa. Ya tsaya wurin mahauta ya ci tsire har ya ƙoshi, ya kora da fura, don a sami abin aunawa, sannan ya zarce ɗakin shan magani ya miƙa siririn hannunsa. Sai da Malam Sada ya zagaya ƙyallen ya sake zagayawa kafin ya kama. Ya saurara, ya yi murmushi, ya ce ɗari da ashirin bisa tamanin, ya gode wa Allah. Ɗanasabe ya roƙi a sake, ko injin bai gama farkawa ba. Aka sake, haka dai. Ya fito jiki a sanyaye, kuma rashin sa'a, wani maƙwabcinsa yana zaune a layi ya ji komai.

Daga ranar Gwadabe ya daina ce masa bawa, ya koma ce masa mai rabin jini. In sun haɗu a hanya sai ya tsaya ya tambaye shi cikin tausayi ko a ɗan sam masa ludayi guda.

Abin ya zama gasa. Magidanta daga Unguwar Doka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau, su naɗe hannun riga su ce a auna. Malam Sada ya yi murna da farko, yana ganin kai ya waye. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne duk wanda ya ce wa lafiya ƙalau, sai ya fita fuska a murtuke. Wani ma ya yi tsaki. Ran nan ya tsare wani dattijo ya tambaye shi dalili, dattijon ya zayyana masa komai. Malam Sada ya zauna a kan benci ya yi dariya har hawaye suka fito. Da dariyar ta lafa sai ya tuna Gwadabe bai dawo ba ko don a canza masa bandeji.

Ran Lahadi da yamma ya ɗaure akwatin a bayan kekensa ya nufi Unguwar Doka. Gwadabe ya tarbe shi da murna, ya shimfiɗa masa buzu a zaure, ya aika a kira Ɗanasabe don ya ji da kunnensa. Lauratu ta kawo ruwa da fura ta ajiye, ta koma bayan ƙofar cikin gida, amma ba ta yi nisa ba.

Malam Sada ya fara da duba ƙafa, ya ga ciwon ya kama hanyar warkewa. Sannan ya ce shi ne da laifi, ranar bai yi bayani yadda ya kamata ba. Ya ce injin nan ba yawan jini yake aunawa ba, ba kuma ƙarfin mutum ba. Zuciya ce ke tura jini cikin jijiyoyi, injin yana auna irin matsin da jinin ke yi wa jijiyoyin. Lamba ta sama ita ce matsin lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki kafin ta sake bugawa. Abin da yake saurare da robar kunne shi ne inda bugun ya fara jiyuwa da inda ya ɓace.

Gwadabe ya ce to ai duk ɗaya ne, mai ƙarfi shi ke da matsi.

Malam Sada ya jawo kekensa da ke jingine a bakin zaure, ya ce Gwadabe ya taɓa tayar. Ya tambaye shi, in ta cika haka mutum ya ci gaba da ba ta iska, ƙarin ƙarfi take yi? Gwadabe ya ce a'a, fashewa za ta yi. Ya tambaye shi ta ina. Ya ce ta inda robar ta fi rauni, ko wurin tsohon faci. Malam Sada ya ce haka jijiya take, sai dai a jikin mutum wurin da ya fi rauni sau da yawa cikin kai yake, ko ido, ko ƙoda, ita kuma zuciya tana ta wahalar turawa har ta gaji.

Gwadabe ya yi 'yar dariya, ya ce shi dai ga shi zaune garau, jiya ma shi kaɗai ya nome gefen gonar dawa. Malam Sada ya ce halin ciwon ke nan, yana iya shekaru a jikin mutum bai ji komai ba.

"Yana ji," aka ce daga bayan ƙofa.

Lauratu ce. Ba ta leƙo ba, amma muryarta ta fito sarai. Ta faɗi ciwon ƙeya na safiya, ta faɗi haɓo, ta faɗi ranar da ya ce mata yana ganin wasu ƙudaje a idonsa alhali babu ƙuda ko ɗaya a ɗakin. Gwadabe ya buɗe baki zai tsawata, sai ta ƙara da cewa, "Maigida, ka tuna Yaya Mudi. Shi ma ƙeyar yake dafewa."

Mudi wan Gwadabe ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya fi shi girman jiki. Shekarun baya aka tsince shi kwance a gona, baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu. Aka ce iska ce ta buge shi. An yi rubutu, an yi turare, har wurin Maguzawan bayan dutse an je neman taimako. Ya yi wata da watanni a kwance yana kallon mutane ba ya iya kiran sunan 'ya'yansa, sannan ya rasu. Gwadabe ne ya riƙa ɗaga shi yana juya shi duk tsawon jinyar.

Malam Sada ya ce shi bai auna marigayin ba, don haka ba zai yanke hukunci ba, amma sau da yawa haka hawan jini ke ƙarewa in ba a kula ba, kuma yakan bi dangi. Ya ce awo ɗaya ba ya isa a ce mutum yana da ciwon, shi ya sa ya zo da akwatin, a gwada shi a gidansa, a kan buzunsa, babu rana babu aidin. Gwadabe ya miƙa hannu. Wannan karon bai kalli gilashin ba. Zaiba ta sauko kaɗan daga ta ranar farko, amma kaɗan ɗin ba ta taka kara ta karya ba. Malam Sada ya ce ya zo tsakiyar mako a ƙara gwadawa, sannan ya ga likita.

Kwanakin da suka biyo baya Gwadabe ya daina zuwa dandali. Yakan je gona ya kama aiki, in ya ji zuciyarsa na bugawa sai ya tsaya ya jingina da fartanya yana saurarenta, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Abin da ya fi damunsa kuma Ɗanasabe ne. Mutumin ya koma gaishe shi da ladabi, yana tambayar ya jiki, har ya kawo masa rake mai kyau ya ajiye ya tafi. Ranar da Ɗanasabe ya sake samunsa a gona da rake da sallamarsa a tausashe, Gwadabe ya jefar da fartanya.

"Kai Ɗanasabe, mutuwa na yi ne?"

"Subhanallahi, wace irin magana ce wannan?"

"To me ya sa ka daina zagina? Kullum sannu, sannu, kamar ka zo gaisuwar makoki."

Ɗanasabe ya dube shi sama da ƙasa, ya ga da gaske yake. Ya ce to ai shi jira yake rumbun ya fashe ya kwashi dawa, ganin an ce ya cika har ya yi yawa. Gwadabe ya ɗauki hoge ya jefe shi, bai same shi ba, suka zauna a gindin kuka suka shanye raken tare.

Ranar likita Ɗanasabe ne ya raka shi. Likitan wani dogon Ba'indiye ne, Malam Sada na yi masa tafinta. Ya auna da kansa, ya saurari ƙirji gaba da baya, ya haska wata 'yar fitila cikin idanun Gwadabe ya daɗe yana leƙe. Daga nan aka miƙo wa Gwadabe kwalba aka ce ya zagaya ya kawo fitsari. Ya dubi kwalbar, ya dubi Malam Sada, ya tambaya ko dai tafintan ne bai ji daidai ba. Aka ce daidai ya ji. Ya fita da kwalbar ɓoye cikin hannun riga, ya dawo da ita haka, Ɗanasabe na zaune a benci yana kallon sama yana cizon leɓe. Aka ɗora fitsarin a wuta cikin wani ɗan gilashi, likita ya ɗaga shi wajen haske, ya ce ƙoda da sauran lafiyarta, an zo da wuri.

Ya ce hawan jini ne babu shakka, tun da an gwada a ranaku dabam-dabam yana nan a sama. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri da kanwa sosai, a rage goro, kuma ƙaho ba ya sauke shi, ko an cire jinin matsin yana nan. Noma kuwa ya ci gaba da abinsa, sai dai ya daina tsere da samari.

Ƙwayoyin ba su ba Gwadabe wahala ba kamar miya. Lauratu ta sami wata 'yar tukunya ta riƙa yi masa tasa dabam, daddawa da albasa da yaji sun ji, gishiri kuwa sai dai a ce an nuna mata. Ya ce wannan ba miya ba ce, ruwan sama ne aka kaɗa da kuka. Ya daure kwana biyu, ran nan da magariba ya ce zai je duba Ɗanasabe, ya isa daidai ana fito da tuwo. Ɗanasabe ya tarbe shi hannu biyu, ya sa aka kawo masa kwanonsa na musamman. Gwadabe ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ashe Lauratu ta riga ta bi gidajen dangi kaf ta bar saƙo. Ɗanasabe ya tsoma tasa lomar cikin miyarsa mai gishiri, ya lumshe ido, ya ce wallahi yau matarsa ta yi ƙoƙari.

Su ma ƙwayoyin da nasu aikin, domin suna sa fitsari. A gayyar mai unguwa, Gwadabe ya kama kunya a gefe kusa da jeji, ba a tsakiya ba, kuma kowa ya san dalili. Duk sanda ya ajiye garma ya nufi bayan geza sai makaɗin gayya ya canza kiɗa ya raka shi da taushi, har ya dawo. Da farko ya ji haushi, daga baya shi da kansa yake ɗaga wa makaɗin hannu in zai tafi.

Kafin a fara tsinkar auduga ciwon ƙeyar ya ɗauke, haɓo ma ya daina. Malam Sada ya auna ya ce ɗari da hamsin bisa casa'in da biyar, ana samun sauƙi. Jin haka Gwadabe ya ɗauka ya warke, ya ajiye ƙwayoyin a saman katanga ya manta da su, aka koma aka tarar zaiba ta sake hayewa. Malam Sada ya ce masa wannan ba irin ciwon da ake sha a warke ba ne, zama za a yi da shi, muddin ana sha yana kwance. Gwadabe ya ce to Allah ya sa su zauna lafiya. Tun daga nan Lauratu ce ke riƙe da kwalbar, tana miƙa masa tare da kunun safe.

Bayan an gama kaka ya je gidan marigayi Mudi ya sami babban ɗansa Lawal, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya ɗauko wuyan ubansa da kafaɗunsa. Ya ce ya shirya gobe za su Bakori. Lawal ya ce shi lafiyarsa lau, Baba. Gwadabe ya ce ya sani, shi ma da haka ya fara.

Da safe suka fito da keke ɗaya. Lawal ya kama kan keken ya ce Baba ya hau baya. Gwadabe ya tsaya yana dubawa, domin tun da ya sayi keken nan bai taɓa zama a bayansa ba. Ya waiga ya ga ko akwai mai kallo, sai ga Ɗanasabe tsaye a ƙofar gidansa yana asuwaki, ya kuwa daina asuwakin don ya kalla da kyau. Gwadabe ya tattare riga ya hau, keken ya yi ƙara, ya kama Lawal ta kugu.

A Bakori aka sa Lawal ya huta a inuwa kafin a auna shi, Gwadabe na zaune kusa da shi yana hana shi magana. Malam Sada ya ce nasa ya ɗan ɗaga, bai kai na shan magani ba tukuna, ya rage gishiri ya riƙa zuwa ana dubawa. Lawal ya fito yana tambayar yadda mutum zai ci tuwo babu gishiri. Gwadabe ya ce a ƙara daddawa, a soya albasa ta yi ja, kuma kada ya yarda ya je cin abinci gidan Ɗanasabe. Suka biya kasuwa ya sayi wa Lauratu sabuwar tukunya, don 'yar ƙaramar ta fara tsagewa, Lawal ya ɗaure ta a gaban keken suka kama hanyar gida.